Taki da Saura: Tarihin Ƙarfin Gona a Ƙasar Mashi

Garin Mashi yana bisa hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Daura, ƙasarsa kuwa ta miƙa arewa har ta tuƙe da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ta wajen sarauta, Iyan Katsina ne hakiminta. Ta wajen tsarin siyasar yanzu kuwa, cikin shiyyar Daura ake lissafa ta. Amma shi manomi wannan rabo bai dame shi ba, gama ƙasar da ke ƙarƙashin hauyarsa kusan iri ɗaya ce tun daga Kaita har Zango da Baure. Jigawa ce, rairayi mai taushi, mai sauƙin huɗa, mai saurin shanye ruwa, mai saurin gajiya kuma. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen 173,000 a ƙaramar hukumar Mashi, cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 905, watau kusan mutum 190 ke nan a kowane murabba'i. Damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. To, abin tambaya shi ne, ta ƙaƙa rairayi ya ɗauki nauyin jama'a mai yawa haka, kuma wa ya biya kuɗin wannan ɗauka?

Asalin rairayin nan sananne ne. A 1958 wani masanin labarin ƙasa, A. T. Grove, ya nuna cewa jigayin arewacin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan yashi ne waɗanda iska ta tara a wani zamani mai nisa, sa'ad da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take yanzu. Da ruwan sama ya dawo, ciyawa da itace suka kama su, suka tsaya wuri ɗaya. Irin wannan ƙasa laka ta yi mata ƙaranci, ruɓaɓɓen ganye ma haka, ga shi kuwa su biyun nan ne ke riƙe abincin shuka kada ruwa ya tafi da shi. Saboda haka ɗan ƙarfin da jigawa ke da shi yana bisa-bisa ne, bai fi zurfin da garma ke kaiwa ba. In an ci shi shekara uku ko huɗu ba a mayar da kome ba, sai ƙuduji ya bayyana a gindin gero, tumfafiya ta yawaita, zangarniya ta koma kamar yatsa.

Harshen manoma ya riga littattafai gane wannan. Bahaushe yakan yi wa gona magana irin wadda yake yi wa dabba: ya ce tana da ƙarfi, ko ta gaji, ko ta mutu, ya ce ta ci taki, ko a bar ta ta huta. Yana da jigawa, yana da fadama, yana da fako ko ƙeƙuwa, watau inda saman ƙasa ya tafi ya bar tauri wanda ko ciyawa ba ta so. Waɗannan sunayen halittar ƙasa ne. Akwai kuma waɗansu uku da ke faɗin abin da mutum ya yi wa ƙasar: karkara, da saura, da daji. Saura ita ce gonar da aka noma aka bari ta huta. Daji shi ne inda hauya ba ta taɓa ba, ko ta daɗe rabonta da shi. Karkara kuwa, a tsohuwar ma'anarta, ita ce filin da ke kewaye da gari wanda ake nomawa kowace shekara ba hutu. Da wannan ma'ana Polly Hill ta same ta a bakin mutanen Batagarawa, kudu da birnin Katsina kaɗan, sa'ad da ta zauna can a 1967. Rediyo da takardun gwamnati sun faɗaɗa kalmar har ta zama duk inda ba birni ba, kamar a "raya karkara". Wannan ba laifi ba ne, haka harshe yake tafiya, amma ɗalibin da bai san tsohuwar ma'anar ba zai karanta tarihin noma bai gane rabinsa ba.

Abin da ya raba karkara da daji a ƙarni na 19 tsoro ne. Bayan da Ummarun Dallaje ya tabbata a gadon Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafu a Maraɗi. Na Daura kuma suka watsu, waɗansu Zango, waɗansu Baure, Damagaram tana bayansu. Arewacin Katsina da Daura ya zama bakin daga, hari yana zuwa daga nan, ramuwa tana tafiya daga can. Da Heinrich Barth ya biyo ta Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, daji ya ratsa wanda ba kowa, ya wuce kufan Ɗankama, ko da yake da ya ga ƙasar Katsina ta ciki ya yabe ta ƙwarai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa shi Ummarun Dallaje, ya hore shi da ya zaunar da jama'a a garuruwa masu ganuwa, ya kula da manoma da masu sana'a. Mutumin da zai yi barci cikin ganuwa kuwa ba ya yin gona inda ba zai iya komowa kafin a rufe ƙofa ba. Sai gonakin kusa suka sha noma shekara da shekaru, na nesa suka sami hutun da ba wanda ya yi niyyar ba su.

Gonar da ba ta hutawa sai da taki, nan ne kuwa gwanintar mutanen ƙasar ta fito. Da damina akan ɗaure awaki da tumaki a turke don kada su yi ɓarna, a yanko musu ciyawa. Da rani a ba su harawa da dusa da ƙaiƙayi. Kashinsu da ragowar abincinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida duk wuri ɗaya ake tarawa. In bazara ta ƙarato sai a cika mangala, jaki ya yi ta jigila, a zuba tsibi-tsibi cikin gona. Mai abu da yawa ya baza, mai kaɗan ya jira shuka ta fito ya bi gindi-gindi da hannu. Bayan an kawar da amfani kuma, ga Fulani sun sauko da shanu. Manomi yakan roƙi Bafillace ya kafa mashekari a gonarsa, ya ba shi damin gero ko na dawa, ya bar shi ya shayar a rijiya, shanu su ci kara su bar kashi da fitsari. Akan matsar da makwancin shanun daga wannan kusurwa zuwa waccan har gonar ta samu duka.

A nan akwai wata magana da ake yawan tsallakewa. Dabba ba ta ƙirƙiro abincin shuka daga cikinta; abin da ta ci can shi take kawowa nan. Saniyar da ta yini a daji ta kwana a gona, ƙarfin daji ta ɗauko ta sauke wa mai gonar. Ashe ke nan karkara bisa wuyan daji da saura take zaune, ko da yake mai kallo zai zaci ba ruwan wannan da wancan. Abubuwan da ke ƙara wa ƙasa sabon abu daga waje kaɗan ne. Akwai wake da gyaɗa, waɗanda saiwarsu ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa manomi ke ratsa wake tsakanin gero. Akwai ƙurar hunturu, wadda ke sauka kowace shekara da ɗan abin da ta kwaso daga wajen tafkin Chadi. Akwai kuma itatuwa masu zurfin saiwa, babbansu gawo. Shi gawo ganyensa da damina yake zuba, ya tsaya tsirara sa'ad da sauran itatuwa suke kore, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Da rani kuwa ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru gindinsa su bar taki. Duk wanda ya ratsa gonakin Daura a watan Agusta ya ga yadda geron gindin gawo ke fin na gefe tsawo da duhu. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani bisa wanda ya sare shi.

Taki kuma shi ya sa gona ta yi kuɗi. A shari'a, kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana cikin Ta'alimur Radi, raya mataccen fili yana cikin hanyoyin da mutum ke keɓanta da shi. A al'ada kuma, wanda ya yi sassabe da izinin mai gari gona tasa ce, 'ya'yansa su gada, sai fa in ya tashi ya bar ta ta koma daji. Amma gonar da aka shekara ashirin ana zuba mata taki ba daidai take da sabon sassabe ba, don wahalar mutum tana cikinta. Irinta ce ake jinginarwa, ake sayarwa. Kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 kan sha'anin ƙasa a Nijeriya ta Arewa ya ɗauka cewa mutanen nan ba su san mallakar fili ba, dokar 1910 kuwa ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna, amana domin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta bi sawunta, ta 1978 ma haka. Duk da haka Polly Hill ta tarar ana cinikin gonakin karkara a fili, kowa ya sani.

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Faransa daga 1906 zuwa 1908, hari ya ƙare. A 1906 ɗin nan ne aka mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura, aka ɗauko Malam Musa daga Zango, a Katsina kuma Muhammadu Dikko ya hau. Jama'a suka fita daga ganuwa, bayin da suka sami kansu suka nemi wurin zama, unguwanni suka tsiro inda dā sai mahara. Shekarun farko ƙasa ta yi albarka, gama hutun shekara ɗari ake ci. Sai dai dajin da ake sarewa shi ne rumbun da karkara ke ɗiba.

Haraji ya koma na tsabar kuɗi. Kafin Yaƙin Duniya na Farko aka shigo da wata hanyar sa shi a ƙasar Kano da ta Katsina, wadda aka kira taki: malamai su bi gona suna takawa, su ƙidaya tsawo da faɗi, a sa kuɗi bisa eka. A rubutun boko wannan taki da wancan ba su da bambanci, kuma mai karanta tsofaffin takardun lardi ya kamata ya lura, don malamin taki ba shi da haɗi da kashin shanu. Aibin wannan awo shi ne faɗi yake gani, ba ya ganin ƙarfi. Gajiyayyar gonar talaka da ƙosasshiyar gonar mai dabbobi, in takunsu ya zo ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Ƙorafi ya yi yawa bisa malaman, daga baya aka koma sa wa gari jimla a raba.

Kuɗin harajin kuwa gyaɗa ce ta kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 fatake suka bazu ƙauyuka suna saye, jigawa kuma ba abin da ta fi so kamar gyaɗa. Akan ce gyaɗa tana gyara ƙasa, kuma akwai gaskiya ciki. Amma a duba yadda ake girbinta: tumɓuke ta ake yi ɗungum, ƙwayar ta tafi Ikko a buhu ta haye teku, harawa ta tafi gida ko kasuwa, gona ta tsaya tsirara a tone, iskar rani ta yi ta ɗiba. Kowane buhu da aka ɗora bisa dalar gyaɗa a Kano yana ɗauke da ɗan sinadarin fosfaras na wata jigawa, wanda ba zai komo ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, da ta 1927, sun sami mutane da rumbunan da ba su kai na iyayensu ba. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, maƙwabciyar Mashi, ya bi wannan sawu filla-filla cikin littafinsa na 1983.

A 1934 wani Baturen daji, E. P. Stebbing, ya zaga bakin iyakar nan da rani, ya ga yashi yana tashi, ya yi shela a 1935 cewa Sahara tana tahowa kudu za ta cinye ƙasar. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya ba. Abin da ya gani lalacewa ce nan da can, inda aka sare itace aka matsa wa ƙasa da noma. Amma maganar Stebbing ta fi daɗin faɗi, ita ce ta zauna, har ta shiga littattafan makaranta da sunan gurgusowar hamada. Bambancin ba ƙarami ba ne. In yashi daga arewa yake zuwa, maganinsa a yi masa shinge a bakin iyaka. In kuwa a cikin gonar yake tashi, sai a tambayi wane ne mai gonar, me ya hana shi taki.

Ma'aikatar Gona ta fi kusa da gane wannan. A 1928 ta fara shirin haɗa noma da kiwo da manoma uku tak: a ba mutum bashin bijimai biyu da garmar shanu daga Baitulmalin En'e, ya ɗaure su a gida, ya tara takinsu. Taki ne abin nufi, huɗa kuwa riba ce. Manoma suka juya lissafin. Da suka ga shanu suna huɗe a yini abin da mutum ke yi a mako, sai suka ƙara faɗin gona, takin bijimai biyu kuwa bai isa faɗin ba. Bashin ma sai mai babbar gona da mai tsaya masa ke samu, don haka masu sarauta da attajiran ƙauye suka fi cin moriyarsa. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin gwamnati cikin shekarun 1930 sun nuna abin mamaki: ko tan ɗaya na taki a eka yakan ɗaga amfanin dawa da gero ƙwarai, aka kuma gano cewa yawancin wannan aiki na fosfaras ɗin da ke cikinsa ne. Daga nan aka samo takin supa, wanda malaman gona suka yi ta tallarsa ga masu gyaɗa a shekarun 1950. A Samaru kuma aka kafa wani gwaji a 1950 wanda aka shekara da shekaru ana bi. Ya nuna filin da aka ba takin zamani mai naitirojin shi kaɗai, shekara bayan shekara, ƙasarsa takan yi tsami amfani ya ja baya, wanda aka haɗa masa da takin dabbobi kuwa yakan riƙe.

Grove ya rubuta rahoto kan ƙasa da jama'a a Lardin Katsina a 1957, H. A. Luning ya biyo da nasa a 1963, dukansu kuwa sun ga jama'a tana ƙaruwa, saura tana ƙanƙancewa. Abin da Polly Hill ta ƙara shi ne ta duba gida-gida, ta ga ba ƙasa ce take gajiya gaba ɗaya ba, gonar wani ce. Wanda hatsinsa ya ƙare tun kafin shuka yakan tafi ƙwadago gonar mai hali a daidai makon da tasa ke bukatar noma. Ba shi da jaki, awakinsa an sayar, har ɗan takin gidansa yakan sayar. Baɗi gonarsa ta ƙara raguwa, daga nan sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Watau yadda ƙarfin daji ke komawa karkara bisa bayan saniya, haka ƙarfin gonar matalauci ke komawa gonar mawadaci bisa bayan jaki.

Sauran labarin na kwanan nan ne. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya cinikinta. Kuɗin man fetur ya kawo takin zamani da rahusa: a 1976 aka buɗe masana'antar supa a Kaduna, gwamnati kuma ta ɗauki mafi yawan kuɗin kowane buhu. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke cikinta har 1987. Manomin da ya sami kamfa da yuriya da araha bai ƙara roƙon Bafillace ya kwana a gonarsa ba. Kara da harawa suka yi kuɗi, aka shiga kwashe su tas ana kaiwa gida, burtali kuma gonaki suka matse shi duk da dokar makiyaya ta 1965. Shanun da dā ake ba dami don su zo, sai ga shi ana kai ƙararsu. Da aka janye rangwamen a 1997, aka mayar da kashi 25 cikin 100 kaɗai a 1999, tsohuwar hulɗar ba ta nan balle a koma mata. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka lissafa cewa abin da ake zubawa a hekta bai wuce kilo 8 ba, suka yi alkawarin kai shi 50.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce ƙasar mutuwa kawai take yi. Michael Mortimore ya daɗe yana nuna cewa kewayen Kano, inda jama'a ta fi ta Mashi yawa nesa ba kusa ba, an yi ƙarnuka ana noma ba hutu. Frances Harris ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita a ƙauyen Tumbau cikin shekarun 1990, ta ga wake da ƙananan dabbobi da ƙurar hunturu suna mayar da mafi yawan abin da amfani ya ɗauka, muddin harawa ta bi ta cikin akuya ta komo gonar da ta fito. Wannan hanya ba ta bukatar daji, hannuwa take bukata, da akuyar da ba a sayar ba.

A Jihar Katsina an fara wani shirin dashen itatuwa a 1987 da taimakon ƙasashen Turai, aka yi shingayen darbejiya a ƙananan hukumomin arewa. Amma abin da ya fi yaɗuwa a hayin iyaka ya faru. A ƙasar Maraɗi, wajen 1983, wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara, na sabara da kalgo da gawo, daga tsofaffin kututture masu rai yake fitowa. Maimakon a share duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Bayan yunwar 1984 abin ya bi gari-gari har Damagaram, binciken da aka buga a 2009 kuwa ya ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da suka sake yin itace. Mutanen can suna kiransa sassaben zamani, watau kalmar da dā take nufin kawar da itace ita aka ɗauko aka sa wa barinsa. Abin da ya taimaka musu shi ne ma'aikatan daji sun sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba shi da wannan tabbaci a kowane ɓangaren iyakar, gama gawo yana son shekaru kafin gindinsa ya yi amfani, mai gona kuma ba ya son ɗan aro ya raini itace a cikinta, don gudun kada wata rana a kafa shi hujja gaban alƙali.